Turancina ya tsaya a kan “very nice”: ta ina zan fara?

“Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Aboabo, nan Kumasi. Na gama SHS, wato babbar sakandare, amma D7 na samu a Turanci a jarrabawar WASSCE, makin da bai isa ba, ga shi ina so in shiga makarantar koyon aikin jinya, don haka zan sake zama a Nov/Dec, wato jarrabawar ƙarshen shekara ta masu gyara. Ina jin Turanci, ina magana da shi, amma in na zo rubutu komai sai ya koma good, bad, nice da very. Na sauke jerin manyan kalmomi a waya na haddace, bayan mako biyu duk sun gudu. Wata ƙawata ta ce in mai da hankali kan adjectives, wai su ne ke ƙawata rubutu. Gaskiya ne? In gaskiya ne, ta ina zan fara?”

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya sa wannan zaman ya zama na ƙarshe. In na fahimce ki, abu biyu kike tambaya a dunƙule: ko siffofi, wato adjectives, sun cancanci ki zuba musu 'yan watannin da suka rage miki, da kuma dalilin da ya sa abin da kika haddace ba ya zama. Ƙawarki ta nuna miki ƙofa mai kyau, sai dai dalilin da ta bayar ne ban gamsu da shi ba. Wanda ya ɗauki siffa a matsayin kwalliya zai yi ta jibga manyan kalmomi inda ba su dace ba. Aikin siffa shi ne ta bambanta abu da ɗan'uwansa, ta sa mai karatu ya ga ainihin abin da kika gani. Na daɗe ina koyar da Turanci a sakandare da azuzuwan gyaran jarrabawa a wajen Asawase, kuma a kan wannan fahimtar na gina duk abin da zan faɗa miki.

Me ya sa Turancin ya tsaya

Abin da ya same ki ba daƙiƙanci ba ne. Yarinyar da ta tashi a zango tana Hausa a gida, Twi a kasuwa da cikin motar haya ta trotro, Larabci a makaranta, Turanci a aji, babu mai ce mata kanta ba ya ɗaukar harshe. Matsalar ita ce Turancin yau da kullum ba ya buƙatar kalmomi masu yawa. Kalmomi wajen 2,000 da aka fi amfani da su sun ishe ki ciniki da jin labaran rediyo da hira da malami, don su ne ke cike kusan kashi 80 cikin 100 na yawancin rubutun da za ki ci karo da shi. Da mutum ya kai nan sai buƙata ta daina tura shi gaba. Amma Paul Nation, masanin koyar da kalmomi na jami'ar Victoria da ke Wellington a New Zealand, ya ƙiyasta a 2006 cewa mai son karanta jarida ko littafin labari na Turanci ba tare da yawan tsayawa duba ƙamus ba yana buƙatar iyalan kalmomi 8,000 zuwa 9,000. Iyalin kalma shi ne tushe da 'ya'yansa, kamar decide da decision da decisive. A wannan tsakanin ne kalmomin da ke ka da ɗalibai a tambayoyin “nearest in meaning” da “opposite in meaning” suka fi yawa, kuma kaso mai tsoka daga cikinsu siffofi ne.

Akwai wani dalilin kuma da ya shafe mu, mu masu tunani da Hausa. Siffofi na asali a Hausa ba su da yawa: babba, ƙarami, dogo, gajere, sabo, tsoho, fari, baƙi, ja da wasu 'yan kaɗan. Sauran aikin da “mai” da “marar” muke yin sa: mai nauyi, mai kyau, marar kunya. In kuma ƙarfafawa muke so, sai mu ɗauko amsa-kama. Fari fat, baƙi ƙirin, sanyi ƙalau, ya jiƙe sharkaf, ya gaji tiƙis, ya cika maƙil. Kowace da abokiyar tafiyarta, babu Bahaushen da zai ce fari ƙirin. Turanci ba haka ya fi bi ba. Shi sau da yawa kalmar gaba ɗaya yake canzawa: wanda ya jiƙe sharkaf drenched ne, wanda ya gaji tiƙis exhausted ne, motar da ta cika maƙil crammed ce, ruwa mai sanyi ƙalau icy ne. To ɗalibinmu ya zo rubutu, ya laluba amsa-kama a Turanci bai samu ba, sai ya kama very ya ɗora mata kayan fat da ƙirin da sharkaf da maƙil gaba ɗaya. Ke nan idon da ke bambanta abubuwa kina da shi tun daga gida. Abin da ya rage shi ne sanin inda Turanci ya ajiye wannan bambancin.

Ki fara da abin da ke hannunki

Darasina na farko da kowane sabon aji da goro nake yin sa, goron nan da ya jawo kakanninmu ƙasar Asante tun farko. Nakan kawo fari da ja da kuma wanda ya kwana biyu ya fara yanƙwanewa, in raba musu, in ce kowa ya rubuta jimla biyar a kansa da Turanci. Abin da ke dawowa kusan iri ɗaya ne kullum: “It is red. It is very bitter. It is hard. It is nice.” Sai in ce su ajiye biro, su gaya mini da Hausa. Nan take ajin ke kacamewa. Wannan ya ce ai ba ɗaci kawai ba ne, akwai bauri, yana kama harshe. Waccan ta ce sabon yana da sheƙi, in ka ɓara shi sai ka ji ƙas, tsohon kuwa ya yi yaushi, fatarsa ta tattare. Wani ya ce in ka kora da ruwa bayan ka tauna sai ka ji wani zaƙi-zaƙi a maƙogwaro. A minti biyar sun faɗi abin da ya ninka wanda suka rubuta.

Daga nan ne nake ba su kalmomin, ɗaya bayan ɗaya, goron yana bakinsu. Baurin nan astringent ne. Sheƙin glossy. Wanda ke ɓarewa ƙas crisp ne, wanda ya tattare shrivelled, zaƙin da bai kai zaƙi ba sweetish. Yarinyar da ta ji astringent a lokacin da harshenta ke kame da wuya ta manta da ita, alhali da a jerin waya ta gan ta tsakanin assiduous da audacious, da tuni ta bi sahun sauran.

Ki yi wa kanki irin wannan kullum, abu ɗaya a rana. Yau kokon safe: lumpy ne ko smooth, watery ko thick, lukewarm ko scalding? Gobe layin masu atamfa a kasuwar Kejetia: akwai faded, akwai vivid, akwai coarse, akwai gaudy wadda launinta ya yi ihu. Jibi hazon hunturu: sama hazy, leɓe chapped, fata flaky. Ki fara faɗar abin da Hausa har sai kin ƙure shi, sannan ki nemi Turancinsa. Zan ja kunnenki kan kalma ɗaya da ta zama ruwan dare a Turancinmu na nan, wato sweet. Hausa ta raba daɗi da zaƙi da garɗi, amma sai ki ji yaro ya ci waakye, wato shinkafa da wake, ya ce sweet ne. A rubutun jarrabawa sweet na sukari da zuma ne. Waakye delicious ne, ko savoury, shitonsa, wato miyar yajin da ake zuba masa, kuma fiery.

Kowace siffa tana da matsayi a cikin danginta

Kada ki koyi siffa ita kaɗai, ki koye ta da 'yan'uwanta, a jere daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Annoyed, angry, furious, livid. Tired, weary, exhausted. Surprised, astonished, stunned. Warm, hot, scorching. Amfanin jerawar shi ne sabuwar kalma tana samun inda za ta jingina, jikin wadda kika riga kika sani. Akwai kuma ƙa'ida da ke fitowa daga nan: siffofin da ke ƙasa da tsakiya suna karɓar very, amma waɗanda suka kai maƙura ba sa son ta. Ana cewa very tired, amma absolutely exhausted. Very angry, amma utterly furious. Mai cewa very exhausted ya ninka abin da ya riga ya ninku.

Abin da ya fi batun tsanani muhimmanci, kuma inda nake ɓata lokaci sosai da ɗalibai, shi ne yabo da zagi da ke ɓoye cikin kalma. Ke kin san bambancin mai tattali da marowaci. Dukansu ba sa sakin kuɗi, amma ɗaya yabo ne, ɗaya kuwa in kika faɗa wa surukarki sai an yi zaman sulhu. Turanci ma haka: thrifty da frugal yabo ne, stingy da miserly zagi. Siririyar yarinya slim ce ko slender, in kika ce skinny kin rage mata, in kika ce gaunt ko emaciated kin ce ciwo ko yunwa ya ƙarar da ita. Mai tsayawa kan ra'ayinsa firm ne ko resolute a bakin masoyinsa, stubborn ko obstinate a bakin wanda ya gaji da shi. Childlike na nufin tsarkin zuciya irin na yaro, childish kuwa yarinta ce a jikin babba. Na taɓa duba wasiƙar wani yaro mai ƙoƙari da ya so yabon wani dattijon unguwarsu, ya kira shi “a notorious leader”. Ya duba manhajar kalmomi masu kamancin ma'ana, ya ga notorious a ƙarƙashin famous, ta yi masa kama da babbar kalma, sai ya ɗauka. Bai san notorious shahara ce da mugun abu ba. Kalma ɗaya ta juyar da wasiƙar gaba ɗaya, kuma yaron ya fi wanda ya tsaya a famous wahala da ƙoƙari. Abin yana yi mini ciwo duk lokacin da na ga irinsa. Don haka kowace sabuwar siffa kika rubuta, ki sa mata alama a gefe: yabo ce, zagi ce, ko ba ruwanta.

Akwai kuma tagwayen da ke ruɗarwa, waɗanda masu jarrabawa ke so: economic da economical, sensible da sensitive, continual da continuous, imaginary da imaginative. Waɗannan ki ware musu shafi guda.

Siffa da sunan da take bi

Abin da ya hana ki cewa fari ƙirin shi ne ke hana Bature cewa strong rain. Ruwan sama heavy ne, in ya tsananta torrential. Shayi kuwa strong ne ko weak. Cunkoson motoci a Kejetia heavy traffic ne, barci mai nauyi deep ne ko sound. Abinci in ya lalace, kowanne da tasa kalmar: burodi stale, man girki rancid, madara sour, tumatir rotten. Babu wata ƙa'idar nahawu da za ta gaya miki wannan, al'adar harshen ce kawai, kuma da ita ake gane wanda Turanci ya zauna masa. Saboda haka a littafinki kada ki taɓa rubuta siffa tsirara. Ki rubuta acute shortage, acute pain. Ki rubuta bleak future, vivid memory, tedious journey, reckless driver. Ƙamusun Oxford da Cambridge na masu koyo suna intanet kyauta, kuma misalan da ke ƙarƙashin kowace kalma sun fi ma'anar kanta amfani a wurinki. Ki latsa alamar sauti ki ji lafazin, ki maimaita da ƙarfi, don kalmar da bakinki bai iya ba hannunki ma zai guje ta. Ƙaramar dabara: siffofin da suka ƙare da -ic kusan kullum nauyin murya yana faɗawa kan gaɓar da ke gabanta, kamar a dramatic da scientific da economic.

Wasu siffofin kuma suna tafe da 'yar rakiyarsu: fond of, keen on, good at, interested in, responsible for, superior to. Hausa na jan mu zuwa married with saboda muna cewa aure da wane, amma married to ne daidai. Ki haddace su a haɗe.

Sai kuskuren da nake gyarawa kusan kowane mako: bored da boring. Mai -ed yana faɗin abin da mutum ke ji, mai -ing yana faɗin abin da ya jawo jin. Darasi boring ne, ɗaliba bored ce. Haka confused da confusing, exhausted da exhausting. Batun jerin siffofi in sun taru kuwa, tsarin shi ne ra'ayi, girma, shekaru, fasali, launi, asali, abin da aka yi shi da shi, sai amfani: a beautiful old Ghanaian cloth. Ki san shi don tambayoyin zaɓi, amma a naki rubutun da wuya ki buƙaci fiye da biyu a kan suna ɗaya.

Manyan kalmomin fa?

Suna da wurinsu. Bayan da Normawa masu magana da Faransanci suka ci Ingila a 1066, Turanci ya kwashi kalmomin Faransanci da na Latin ya ɗora kan nasa na gado, shi ya sa abu ɗaya yakan sami suna hawa biyu ko uku: kingly, royal, regal, ko friendly da amicable. Na gadon su ne na hira da zuciya, na aron su ne na ofis da makaranta. Wasiƙa zuwa ga ƙawa tana son na farko, wasiƙa zuwa ga editan jarida ko muhawara tana son na biyu. In jeri za ki bi, ki bar na waya wanda ba ki san wanda ya tattara ba, ki nemi Academic Word List da Averil Coxhead ta fitar a 2000, mai iyalan kalmomi 570 da suka fi yawo a rubutun ilimi. A ciki za ki sami adequate, crucial, evident, explicit, inevitable, relevant, valid. Ba su da ƙyalli, amma su ne za ki ci karo da su a comprehension, kuma su za ki tarar a littattafan aikin jinya in Allah ya kai ki. Ki kuma saba da ɗafa-ƙeya irin su -ous, -ful, -less, -able, -ive, da ɗafa-goshi masu korewa irin su un-, in-, ir-, dis-. Wadda ta san rely ta kusa sanin reliable da unreliable.

Yadda za su zauna

Haddarki ta gudu ne saboda ba ki koma mata a kan lokaci ba. Tun 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, daga baya ta lafa, kuma komawa kan abu bayan tazara yana rage ta. Ke da kika yi makarantar allo kin san wannan a aikace: surar da aka wanke allonta aka bar ta ba tilawa, tafiya take, wadda ake bita kuwa tana nan har tsufa. Ki ɗauki siffofi biyar a rana, kada ki wuce, kowace da sunan da take bi da jimla ɗaya taki ta kanki, a kan mutanen gidanku da unguwarku. Ki koma musu washegari, sannan bayan kwana uku, bayan mako, bayan wata. Lokacin bita ki rufe Turancin, ki dubi Hausar ko hoton da ke ranki, ki jawo kalmar da kanki. Wahalar jawowar nan ita ce ke dasa ta. Sake karanta shafi da ido yana sa mutum ya ji kamar ya sani, alhali gane fuska kawai ya yi. Ƙananan katuna sun wadatar, in kuma kin fi son waya akwai manhajar Anki da ke lissafa miki tazarar.

Kalmomin kuma daga karatu ya kamata su riƙa fitowa. Sharhin edita na jaridar Daily Graphic, gajerun labaran marubutan Ghana da Najeriya, duk abin da za ki iya aro a laburaren yankin Ashanti da ke harabar Cultural Centre. Wata hanyar da ke yi wa ɗalibaina aiki ita ce karanta labari a shafin BBC Hausa, sannan a nemi labarin abu ɗaya ɗin da Turanci. Tun da kin riga kin san abin da ya faru, hankalinki zai koma kan yadda aka faɗe shi.

Iyakar wannan hanya

Dole in gaya miki inda siffofi suka tsaya. Insha'in WASSCE, mai kalmomi wajen 450, ana duba shi ta fuska huɗu: abin da kika faɗa, yadda kika tsara, yadda kika sarrafa harshe, da tsabtar rubutu daga kurakuran nahawu da haruffa da alamomi. Siffofi suna ɗaga ki a fuska ta uku, wadda ita ce mafi nauyin maki, suna kuma taimaka miki a tambayar comprehension da ke cewa ki maye gurbin kalma da wata. Amma ba sa gyara lokutan aikatau, ba sa daidaita suna da aikatau ɗinsa, kuma a summary cire su ma ake so ki iya. A takardun da na duba na masu D7, sau da yawa abin da ya ja su ƙasa shi ne was da were, da has da have, da jimlar da ta yi layi biyar babu aya. Wasu lokutan ma aikatau mai kyau ya fi siffa aiki: “she trudged home” ya faɗi gajiyar da “she was very tired” ke fama ya faɗa. Ɗalibin da ya fara jin daɗin siffofi kuma yakan yi musu yawa na ɗan lokaci, kowane suna ya rataya masa uku. Gwajin da nake ba su mai sauƙi ne: ki rufe siffar da yatsa ki karanta jimlar, in babu abin da ya ragu, goge ta.

Shawarata ita ce ki ba siffofi kamar sulusin lokacin Turancinki, sauran ki raba tsakanin nahawu da tsofaffin tambayoyin WAEC da rubutu. Kowane mako ki rubuta insha'i ɗaya cikakke, agogo a gabanki, ki kai wa wanda ya fi ki ya duba, ko tsohon malaminki ne ko wata yaya da ke jami'ar KNUST. Ki roƙe su kada su tsaya a ba ki maki, su ja layi ƙarƙashin duk siffar da ba ta zauna daidai ba, su gaya miki ko ta yi tsanani ne, ko ta karkata zuwa zagi, ko kuwa ba da wannan sunan take tafiya ba. Waɗanda aka ja wa layi su ne biyar ɗinki na washegari.